Gyaran Da Na Yi Wa Matuƙin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa hana jirgin sama tashi ba, ko da na so in manta ma mutanen Takur, unguwarmu a Dutse, ba za su bar ni ba. Ban riƙe fiffikensa ba, ban sace masa mai ba. Alheri kawai na yi.

Sana'ata sayar da waya da gyaranta. Da tire na fara a bakin tasha, yau ina da shago mai ƙofa biyu, kuma ban gaji ko caja daga wurin kowa ba. Sirrina guda ne, gyara. Ba na sukundireba nake nufi ba, irin na mai tumatir, wanda in ka sayi kashi yake ɗora maka guda biyu a kai. Duk wanda ya kawo mini waya, bayan na gama aikinsa sai in share masa tarkacen da ya cika memori, in zuba masa karatu da wa'azi da 'yan waƙoƙi, kyauta. A ƙarshe in saka tallar shagona da na ɗauka da muryata. (Har gobe ina ganin muryar ba laifi, matata ce dai take cewa kamar ana jan ƙofar langa-langa.)

Mutum ɗaya ne duk wannan bai taɓa burge shi ba, surukina. Shi ne Sarkin Noman ƙauyensu, can gaba da Kiyawa. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, amma in aka tambaye shi aikina sai ya ce, "Yana dai sayar da abin wasan nan da yara ke dannawa." Na kai masa babbar waya sau biyu, ya mayar mini sau biyu. 'Yar ƙaramarsa mai tocila, wadda aka ɗaure da kyauro, ita yake riƙewa.

To, a wata damina, gero ya fara ido, sai jan baki suka sauka a yankinsu. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba ba zai gane ba. Suna tasowa kamar hadari, su sauka a gona, kafin ka gama ihu sun bar maka kara. Baba, wato surukin nawa, da sauran manoma suka yi ta zirga-zirga Dutse, har Allah Ya sa aka turo wani ƙaramin jirgi mai feshi. Shi feshin nan lokaci gare shi, sai dab da magariba, in tsuntsayen sun koma inda suke kwana. Aka tsayar da yammacin Laraba.

Larabar da hantsi ina zaune sai ga wani dogon mutum ya sauka daga adaidaita sahu, da farar riga mai ratsin zinariya a kafaɗa. Ya ce sunansa Kyaftin Bitrus, mutumin Filato ne, shi ne matuƙin jirgin. Ya ajiye mini kwamfutar hannu, irin mai faɗin allon nan da mu a kasuwa muke ce wa tab.

"Alhaji, ta ƙi cin caji tun jiya. An ce duk Dutse kai ne gwani."

Na gyara zama. Na leƙa bakin cajin, ƙura ce kawai ta cushe, aikin minti goma. Amma matuƙin jirgi ba kullum yake shigowa shagon mutum ba, sai na ce ya bar ta zuwa azahar. Ya ba ni lambar sirrinta don in gwada. Ya ce yana da aiki a filin jirgi, in zan iya in kai masa can da la'asar zai sa a bar ni in shiga.

Har ya juya na ce, "Kyaftin, in yi maka gyara?"

Ya dube ni da mamaki. "Ai gyaran na kawo, Alhaji."

"Duka-duka?"

"Duka mana."

Ka ji inda aka haife ta. Shi da nasa gyaran a ransa, ni da nawa.

Na share bakin caji da tsinke da buroshi, ta kama ci kamar mai buɗe baki. Na wanke sifika har ta fi sabuwa ƙara. Sai na leƙa memori, na ga ya cika taf. Na ce bari in ga me babban mutum ya tara. Ba hoton iyali, ba karatu, ba ko waƙa ɗaya. Wata manhaja ce guda ta cinye wurin, ciki wasu zane-zane, da'ira a kan da'ira, layuka shuɗaye da jajaye, kamar an bar wa ɗan firamare biro. Ga wasu ɗigo ja guda bakwai a gefe. Na ce oho, wasa ne. Har tausayi ya ba ni, ƙato da shi ya maƙale a mataki na bakwai.

Na goge ta. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta sake tambaya, har na ji haushi. (Na'ura ta yi mini nasiha sau biyu, ni da hankalina na ƙi ji.) Da yake Kirista ne ban sa masa wa'azi ba, ka ga ai na yi tunani. Na zuba masa waƙoƙi da wasan barkwanci, na sa hotona da babbar riga a fuskar tab ɗin, na ajiye tallata daidai gurbin da manhajar nan take, don yatsansa ya saba da wurin.

Daga nan na buga wa Baba waya. Na ce in ya gama azahar zan zo in ɗauke shi a mota, ya ga jirgin da idonsa.

"Kai a wa za a bar ka ka shiga?"

"Baba, ai na'urar jirgin tana hannuna. Ni na gyara ta."

Ya ce, "To." A wurin Baba wannan "to" ɗin lambar yabo ce.

Da la'asar muka isa. Ga jirgin nan ɗan ƙarami, rawaya, bai fi motar ɗaukar yashi tsawo ba. Ga ma'aikatan gona, ga dattawan ƙauyuka kusan goma, kowa da carbinsa yana lissafin abin da ya rage a gonarsa. Na ratsa su da tab a hammata, ina tafiya irin ta likita. Na miƙa wa Kyaftin da hannu biyu, na ɗaga murya yadda Baba zai ji, "Ta cika fal, kuma na sa maka gyara."

Wani dattijo ya tambaye shi amfaninta. Kyaftin ya ce, "Baba, da can takardun taswira muke ɗauka, jaka guda, kana tuƙi kana buɗewa kamar tabarma. Yanzu duk suna cikin nan. Hanya, tsaunuka, dogayen ƙarafan sabis, duk tana nuna mini. Kwana biyu ina zagaya yankinku da sassafe, na gano wuri bakwai da tsuntsayen ke kwana, na ɗiga musu ja."

Wuri bakwai. Ja.

Na duba ƙofar fita, ta yi nisa, kuma mukullin motata na hannun Baba, don ya ce zai riƙe mini.

Kyaftin ya hau, ya maƙala tab a wani mariƙi kusa da sitiyarinsa, ya kunna. Fuskata ta bayyana, ina murmushi, na ɗaga babban yatsa. Ya ɗan yi turus. Ya kai yatsa inda ya saba. Sai sifikar nan da na wanke da hannuna ta buɗe baki:

"Jama'a! Wayarka ta faɗa rijiya? Tab ɗinka ta suma? Share hawayenka, garzayo Takur! Mu ba mu taɓa ɓata kayan kowa ba!"

Kyaftin ya danna don ta yi shiru, ta koma farko. (Ni na saita ta haka, don talla sai da maimaici.) "Mu ba mu taɓa ɓata kayan kowa ba!" Sau uku na faɗa, ina tsaye bakina a rufe.

Kyaftin ya sauko a hankali. "Alhaji, ina taswirata?"

"Wace... wasan nan?"

"Wane wasa?"

"Mai ɗigo bakwai. Na ga ya cinye maka wuri."

Wani dattijo ya riƙe haɓa ya ce, "Tab!" Na kusa da shi ya ce, "Ita ce fa." Nan dariya ta ƙwace wa mutane, irin wadda ake yi ana jin haushi. Baba kaɗai bai yi ba. Kallona yake yi kamar yadda yake kallon gonar da jan baki suka gama da ita.

Na ce zan sauke masa wata yanzu-yanzu, ina da data. Kyaftin ya ce taswirar za ta sauku, amma da sabis ɗin wurin sai rana ta faɗi ba ta gama ba, ɗigon kuwa shi ya sa su da hannunsa, babu su a ko'ina sai a cikin abin da na goge. In bai tashi yau ba, gobe an tura shi wata jiha. Wato geron ƙauye goma, har da na surukina, yana kan yatsan da na danna "na tabbata" da shi.

Ya yi tsaki, ya zura hannu ƙarƙashin kujerarsa, ya zaro wata tsohuwar taswirar takarda, duk ta ci ninki. Ya ce wadda ta koya masa tuƙi ta hana shi tashi ba ita, ko da na'ura goma. Ya shimfiɗa a kan fiffike. "Hanya dai ga ta. Uku daga cikin wuraren ina tune da su. Sauran fa?"

Baba ya matso. "Ɗan nan, ina Kiyawa a jikin takardar?"

Ya nuna masa. "Ina rafi?" Ya nuna. Baba ya juya takardar har gabas ta dubi gabas, ya karɓi fensir, ya riƙe shi kamar lauje.

"Nan akwai kwari mai ƙaya, suna kwana ciki. Nan fadama ce, bayan tsamiya biyu. Nan kuma ka yi hankali, akwai rugar Fulani da rijiya, kada ka zuba musu."

Sauran dattawa suka rufa, ana gardama ana nuni. Ukun da Kyaftin ya tuna suka zo daidai da na Baba, sai ya yarda da sauran. Baba ya zaro 'yar mai tocilarsa, ya kira ƙauye ɗaya bayan ɗaya, ya ce a tayar da hayaƙi kusa da kowane wuri don jirgi ya gani. Wayar da na raina shekara da shekaru ke aiki, ni kuwa aka ba ni riƙon gefen takarda kada iska ta ɗauke. Shi ne aikin da aka ga zan iya.

Jirgi ya tashi a kan lokaci. Gero ya tsira, sai ɗan abin da ba a rasa ba. A hanyarmu ta komawa na ji Baba yana ɗan gunguni a bayan mota, sai da na kasa kunne na gane tallata yake rerawa.

Da kaka ta yi sai ga shi da kansa a ƙofar shagona, karo na farko a rayuwarsa. An sauke buhun gero, sannan ya miƙo mini kwano guda daban, a gaban maƙwabtana duka.

"Wannan gyara ne," in ji shi. "Ka duba buhun da kyau. Ban ɗebe komai a ciki ba kafin in ƙara."

Tun daga ranar, ko hoton akuya na gani a wayar mutum, sai na tambaye shi ko jirgi yake tuƙawa da ita.