Ranar da na yi wa Kaka aikin yatsa

Ba zan taɓa mantawa ba da hutuna na farko daga makarantar koyon aikin lafiya ta Sakkwato, a shekarun nan da arzikin man fetur ya sa kowane saurayi ke mafarkin babur. Wata shida kacal na yi, amma na sauka Dogon Daji ina jin kaina likita.

Na tarar ɗan-karkare ya kama babban yatsan Kakata, ya kumbura suntum. Da yatsan nan take murza mazari tun kafin a haifi babana, kuma tsoronta ɗaya ne, kada a yanke shi ta rabu da kaɗi. Har an kira Baba Sani wanzami ya yi mata sakiya, na ce atafau ba a gabana ba.

Na tara matan gida na buɗe aji. Na ce ƙwayoyin cuta in sun shiga jiki, akwai wani sinadari da suke fitarwa, kamar yadda daddawa ke tona asirin mai miya. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, su suke jin alamar su rugo wurin. Zafi da kumburi yaƙi ne ake gwabzawa, mugunya kuwa gawarwaki ce. (Har da zane a ƙasa da tsinke, Allah Ya yafe mini.)

Kaka ta ce, "To maigida, tunda yaƙi anka yi, fidda mamatan mu huta."

Na tafasa aska, na wanke hannu har sau uku don kowa ya gani, na tsaya a kanta na kama yatsan. Sai a lokacin na tuna hannun nan ne ya yi mini ɗure. Na ɗan tsaga. Mugunya ta yi tsartuwa, warin ya bugi hancina. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farfaɗo kaina bisa cinyar Kaka, tana yi mini fifita da hannun mai lafiya. Baba Sani ya riga ya ƙarasa aikin da askata, yana naɗe yatsan. Matan gida kowa ta toshe baki da gefen zane.

"Sannu likita," in ji Baba Sani. "Sojojin tsohuwa sun tsaya, kai ɗai munka ɗauka."

Kaka ta harare shi. "Bar mini miji. Tausaina yaj ji."

Yatsa ya warke, ta koma kaɗinta. Abin da ya fi ba ni kunya, har ta koma ga Allah duk wanda ya zo sayen zare sai ta ɗaga masa yatsan ta ce jikanta ne ya cece shi. Ba wanda ya taɓa ƙaryata ta, har Baba Sani. Ina kewarta ƙwarai.

Shekara talatin na yi ina fasa maruru tsakanin Tambuwal da Kebbe. Darasin da na ɗauka bai da yawa: a zaune nake yin aikin, bayani kuma sai an gama.