Goyon Madubin Gumur

"...da gajiyar hanya? Ya Yamai? Ina akwatin?"

"Kai, ɗan gwaggo! Gaisuwar ke nan? Ba ka tambayi bayana ba, ba ka tambayi ƙafafuna ba, sai akwati?"

Tekna ke nan, tana saukowa daga motar Agadas a hankali kamar mai jego, ta lulluɓe jikinta ruf. Gumur taubashinta ne, kuma tun hantsi yake zarya a bakin hanya. Mu masu kallon taurari a Timiya ba mu da yawa, Gumur ne ya fi mu hauka. Kusan shekara biyu ya yi yana murza wani gilashi mai kauri, faɗin faifai, har ya yi kwarmin da ake so. Bututun hangen taurarin da za a saka shi ciki na nan jingine da dabino a lambunsa. Abin da ya rage a shafa wa gilashin ruwan azurfa ya zama madubi, wannan kuwa sai Yamai. Tekna, wadda ita ma tamu ce, za ta je ganin 'yarta, sai ya danƙa mata shi cikin akwatin da ya ƙera da hannunsa. Babu gilashi irinsa a duk ƙasar Ayar. In ya fashe, shi ke nan.

Direba ya hau saman mota, ya cillo akwatin ƙasa kamar buhun albasa. Muka ji kacau-kacau. Wallahi har cikin hanjina na ji ƙarar.

"Tekna," in ji Gumur, "a saman mota kika sa shi?"

"To a ina? A kaina? Akwati ne ko rawani?"

"Da na sani da akuya na aika! Ita ko ba komai ta san hanya."

"Akuyar da ta ga fuskarka a madubin nan ai sai ta daina ba da nono."

"Ke da ba ki iya bambance Zara da fitilar mai shayi ba, wa ma ya sa ki cikinmu?"

"Wa ya nuna maka tauraron Zuhal mai zobe bara, kana can kana leƙen kwan lantarkin asibiti kana cewa ka ga zobe?"

Ya durƙusa gaban akwatin, ya ɗaga murfi da yatsa biyu. Ni dai na kau da kai, don ban iya kallo ba. Can na ji ya ce, "Kofunan shayi?"

"Sababbi fil na sayo, ga su sun zama gari. Akwatinka ba shi da amana, kamar mai shi."

"Ina madubina?"

"Wane? Au, wannan marfin tukunyar? Na ba wani wanzami a Tawa. Mutum na farko da ya leƙa ya ga hancinsa ya kai na raƙumi, ya ruga da rabin aski."

"'Yar kawu, don girman Allah..."

"Yau kuma ni ce 'yar kawu? Ɗazu akuya ta fi ni."

Ta juya za ta ɗauki jakarta, mayafi ya zame. Sai ga goyo a bayanta, ɗaure tam da zani biyu.

"Wannan fa?" Gumur ya miƙe. "A shekarunki?"

"Ɗana ne. Tun daga Yamai bai yi kuka ko sau ɗaya ba. Bai gado ubansa ba."

Ashe a tashar Yamai masu lodi suka ce akwati ba zai shiga cikin mota ba, sai sama. Ta yi faɗa har ta gaji, ta koma gefe ta ciro madubin, ta goya shi, ta cika akwatin da tsarabarta.

"Kin taɓa fuskarsa? Zani ya goge ta?"

"Ka ji shi! Akushi na kife masa, ko ƙura ba ta sauka ba. Ni ce dai ban jingina da kujera ba tun daga Yamai, duk ramukan hanyar Tawa a ƙuguna suka ƙare. Wata tsohuwa ta dame ni, wai yaron nan ba ya shan nono, in kai shi asibiti. Jandarma ya leƙo ya ce, ‘Madam, me ya sa kan ɗanki ya baje haka?’ Na ce na dangin uba ne."

Muka kwance goyon mu biyu, ni da shi, a inuwar mota. Ya ɗaga akushi. Madubi lafiya lau, ko ƙwarzane babu, ga ganyen dabino da sararin sama kwance a cikinsa. Gumur ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido, amma duk mun ga abin da yake ɓoyewa.

"Ƙura ce," in ji shi.

"Ƙura ce mana. Miƙo min ɗana."

"Ɗanki? Ni na murza shi har tafin hannuna ya yi kanta!"

"Ni na goya. Je ka tambayi duk matan garin nan wa ke da ɗa. Kuma ba ya shiga bututun nan sai an yanka ragon suna."

"Rago? Ɗan akuya dai."

"To ya koma baya." Ta fara warware zani.

Gumur ya rungume madubin, yana dariya yana jan hanci. "Rago! Babban, mai ƙahon nan. Ke za ki fara leƙa farin wata da shi kuma, kafin kowa, kafin ni."

Tekna ta dafe ƙugu, ta zauna daɓas a kan buhun gero, ta jingina bayanta da tayar mota, ta lumshe ido.

"Wayyo bayana. Ka aika a kira mahauci tun ban sake goya shi ba."