Yadda Za Ka Zagi Jikanka a Filin Abokan Gaba Ka Dawo da Mutuncinka

Ya kai mai bin ƙungiyar matasan garinku gari-gari a tsakiyar hunturu, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda aka jera su, na yi maka alkawari za ka shiga kowane filin hokin ƙanƙara a lardin Saskatchewan da ƙafarka, ka fito da ƙafarka, ba wanda ya watsa maka kofi. An gwada su a kan maƙwabcina Orest Pawluk, ga shi nan da ransa.

Mataki na 1: Fara tara suna

Ba a zama babban ɗan kallo da tafi. Tafi aikin iyayen yara ne. Kai nemi kujerar da ke bayan ragar abokan gaba, daf da gilashin da ya kewaye filin, ka sa golansu a gaba.

Haka Orest ya yi. Tun yana tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara har ya yi ritaya, bas ɗin magoya bayan ƙungiyar garinmu, Dilolin Halbrook, ba ta taɓa tashi babu shi ba. Ya san filin da bencinsa ke daskarar da ɗuwawu, ya san wanda injin ɗumamarsa ke gasa ƙeya ya bar ƙafafu, ya san inda ake tsuga wa kofi ruwa. Amma da murya aka san shi, muryar mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana magana bisa ƙarar inji. Golan da ya sa wa ido, kafin a gama zangon farko ya fara waiwaye. Gola mai waiwaye kuwa an gama da shi.

Ka lura, ba kowa ake zagi ba. In gola rago ne, Orest ko kallonsa ba ya yi, gyaɗarsa yake ɓarewa. Masana sun tabbatar maƙogwaro ma yana da aji.

Mataki na 2: In labari ya zo, ka ce ko a jikinka

Wata safiya za ka shiga shagon kofi ka tarar abokanka sun yi tsit suna murmushi. Kada ka juya, an riga an gan ka.

Garnet Poitras, direban bas ɗin kuma abokin Orest tun suna yara, shi ya tare shi.

"Ga kakan Hankaka nan! Ku matsa masa kada ya caccake ku."

Ga abin da ya faru. Rylan, ɗan 'yar Orest, gola ne. Diloli suka ce ba su da gurbinsa, sai Hankakin Corvin suka ɗauke shi. Corvin kuwa, garin da Orest ko mai ba ya sha a cikinsa. Yaron ya daɗe yana ɗumama benci a can, ga shekarunsa na wasan matasa sun zo ƙarshe. Yanzu an ce ranar Lahadi da shi za a fara, kuma da Diloli za a kara. In ya yi abin kirki ya samu wurin zama. In aka yi masa ruwan ci, sai ya kwaso kayansa ya dawo gida.

"To, mutumina, Lahadi bakin nan zai yi aiki ko ya tafi hutu?" in ji Garnet.

"Wanda ya sa rigar Hankaki ba jikana ba ne," Orest ya ce. "Ko uwar da ta haife ni aka sa a ragar nan, sai ta ji a jikinta."

Faɗi irin wannan da ƙarfi, ka daki tebur.

Mataki na 3: Kada ka maimaita a gida

Ba ma sai ka maimaita ba. A Halbrook zance yana riga mai shi isa gida.

Orest ya tarar da matarsa Lorna tana murza ƙullun firogi, abincin fulawar nan da ake cusa wa dankali a dafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Na ji an ce ba ka da jika."

"Haba Lorna, zancen shago ne."

"To ni ina da shi. Lahadi tare za mu, kuma gefenka zan zauna. Ka buɗe baki a kan yaron nan ka gani."

Lorna ba ta taɓa shiga bas ɗin nan ba, ta ce warin safa take yi. Orest ya gane maganar ta girma.

Mataki na 4: Ƙirƙiri ciwo

Kada ka ce baya ko gwiwa, da waɗannan ana iya zagi. Naɗe wuyanka da gyale mai kauri, duk wanda ya gaishe ka ka nuna maƙogwaro ka girgiza kai.

"Ikon Allah," in ji Garnet yana leƙensa ta madubi, bas na keta gonakin da suka koma fari fat. "Muryar da ta yi gardama da guguwa ta ci, yau ita ce ta kwanta?"

Kafin su isa Corvin an ɗura wa Orest zuma, an ba shi alewar tari, wani tsoho ya shafa masa man zafi har cikin kunne. Haɗiye duk abin da aka miƙo. Mara lafiyan da ya ƙi magani shi ake fara zargi.

Mataki na 5: Raina filin, ka raina abincinsu

Da shigarka ka kalli rufin ka taɓe baki. Ka kalli ƙanƙarar ka girgiza kai. Abincinsu kuwa kada ka ci. In ka ci, kada ka yaba.

Mai sayar da abinci a filin, Colette Thibault, ita ce matar da Rylan ke zaune a gidanta. Tana ganin Orest ta fito daga bayan kanta.

"Kai ne kakan! Yaron nan ya cika mana kunne da kai. Har ya gaya wa abokan wasansa yau za su ji abin da ake kira murya."

Orest ya nuna maƙogwaro. Fara'ar Colette ta ragu, amma ta cika masa faranti da firogi, man shanu da albasa na naso a kai. Ya kai loma ɗaya, idonsa ya lumshe da kansa.

"Ya ka ji shi?" in ji Lorna, a hankali ƙwarai.

Orest ya sake nuna maƙogwaro. Ka ga amfanin mataki na huɗu.

Mataki na 6: Yi shiru, ka ga abin da shiru ke haifarwa

Aka jefa faifai, wato ƙwallon wasan. Orest na zaune a bayan ragar Hankaki, baki a rufe, yana kallon lambar da ke bayan jikansa. Ba a daɗe ba Rylan ya waiwayo. Ya sake waiwayowa. A waiwaye na uku faifan ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Kafin a tashi zangon farko an ƙara masa na biyu.

Mutanen Halbrook suka miƙe suna ihu suna kaɗa ƙararrawa. Orest bai iya cire hannu daga aljihu ba. Idonsa na kan bencin Hankaki, inda kocin ya sunkuya yana yi wa ɗayan golan magana.

Da aka busa hutu, Rylan bai bi 'yan'uwansa ba. Ya zamo har jikin gilashin, ya ɗage hular ƙarfensa. Idanunsa sun yi ja.

"Kaka, mene ne haka?"

Orest ya ɗaga yatsa zai nuna wuya.

"Bar wannan. Jiya a waya ina jin ka kana yi wa kare tsawa. Ni fa na san ka. Golan da ka raina shi kake yi wa shiru." Muryarsa ta karye. "Ashe haka ka ɗauke ni?"

Ya ja hularsa ya juya. Orest ya ji kamar an ɗora masa bulo a ƙirji. Lorna ta dube shi. Sai ta miƙa hannu ta warware gyalen da kanta.

"Fara da zancen dinyar nan," ta ce.

Mataki na 7: Buɗe baki

A zango na biyu an sauya raga, don haka kwashi matarka ku zagaya ɗaya ƙarshen. Ja numfashi tun daga tafin ƙafa.

"Kai Rylan! Kai da dinya ta kora daga bakin tafki ka haye mota kana kiran mamanka! Yau kuma wa za ka kira?"

Filin ya ɗauki dariya, har alƙalin wasa ya sunkuyar da kai.

"Ragar nan ta fi ka aiki, ita dai tana tsayawa wuri ɗaya!"

"Bargon," Lorna ta raɗa masa.

"Ina bargonka mai hoton zomo? Ko ka baro shi gidan Colette?"

Rylan bai waiwayo ba. Kafaɗunsa suka saki, ya daki ƙarfen raga da sandarsa hagu da dama, ya durƙusa. Da wannan muryar ya koyi tsaron gida a kan tafkin bayan gidan kakansa, tun takalman zamiya na yi masa yawa. Aka bugo ya cafe. Aka bugo ya tare da ƙafa. Wani bugun ya ture da kai. Hankaki suka rama ɗaya, suka rama na biyu.

Garnet da ya fara da shewa, sai ga shi yana jan rigar abokinsa.

"Orest, rufe bakinka! Mai kake zuba masa!"

"Ku kuka ce in zage shi."

"To mun janye!"

Kada ka saurari masu janyewa. Sai dai a nan akwai rami, kuma Orest ya faɗa. Ana daf da tashi, Hankaki na gaba da uku da biyu, ɗan gaban Diloli ya kuɓuce shi kaɗai ya nufo raga. Orest ya san yaron, ya san hannunsa. Bai san lokacin da ya haye benci ba.

"Hagu, ɗan nema! Hagu zai buga!"

Hagun ya buga. Rylan na can yana jiransa. Aka busa tashi.

Ɓangaren Halbrook ya yi tsit. Kowa ya ji. Rediyon gari ma ya ji.

Mataki na 8: Karɓi hukunci da fuskar dattijo

A wurin ajiye motoci Garnet ya tsaya a ƙofar bas ya gyara hula.

"Kwamiti ya zauna. Yau za mu kai ka gida albarkacin Lorna, a kujerar kusa da banɗaki. Daga nan kai da bas ɗin nan sai baɗi."

Orest ya karɓi hukuncin, don ya san da wani ne ya aikata, shi zai nemi a ninka hukuncin. Suna tsaye sai ga kocin Hankaki yana murza hannu don sanyi.

"Dattijo, muna da kujera a tamu bas ɗin. Duk inda za mu, muna so ka zauna bayan ragarmu."

"Ba zan sa rigarku ba."

"Zo da taka. Ta fi aiki."

"Kuma ba na yi muku tafi."

"Allah ya kiyaye, wa ya nemi tafi?"

Rylan ya fito da jiƙaƙƙen gashi, ya rungume tsohon har ya ɗaga shi daga ƙasa.

"Kaka, zancen bargon nan sai da ka fasa shi? Yanzu duk ɗakin sa kaya Zomo suke kirana."

"Kakarka ce," in ji Orest, yana goge ido da gefen hannu. "Ni da dinya na so in tsaya."

Tun daga ranar, duk filin da Hankaki suka je, za ka ga wani tsoho cikin rigar Diloli ya sauko daga bas ɗinsu yana hararar kowa, ya wuce bayan raga ya ci mutuncin jikansa har a tashi. Rylan bai sake komawa benci ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin korar kowa daga bas, ko asirin gida da ya fita a rediyo, ko kunnen da ya sha man zafi. Mutuncin da aka yi alkawari a sama, ba a ce duka zai dawo ba. In kuma ka gwada a kan naka jikan ya fashe da kuka aka zura masa takwas, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Je ka wurin Lorna, ita ta warware gyalen.