Rigar Suruki da Inji Mai Ci Gefe Biyu

Wani ne daga ƙauyen Boko ya samu aikin aske shingen fulawa a gidan Alhaji Sodangi a Kankia. Shi da bai taɓa riƙe abin da ya wuce lauje ba, amma tun daga ranar ya ce a riƙa ce masa injiniya.

Ya tafi shagon Kamalu mai injuna a bakin titi. Kamalu ya ajiye masa injin aske shinge guda biyu.

"Wanga haƙoranshi gefe guda suke, bayanshi na wajenka, ba ya taɓa ka. Wanga ko gefe biyu ne, ka kai ya ci, ka dawo ya ci. Ya fi sauri, amma sai gwani. Kai dai ɗauki na farkon."

"Rabin inji za ka sayar mani? Ka gan ni ɗan ƙauye ko? Miƙo mai biyun!"

Injiniya kuwa ba ya zuwa aiki da 'yar shara. Sai ya je wajen surukinsa Malam Dabo ya ari babbar rigarsa ta shadda, ita ke nan gare shi, ita yake sawa ran Juma'a. Ya ce masa ɗaurin aure za shi. Malam Dabo ya miƙa yana cewa, "Ko miya kar ta ɗiga mata."

Gogan naka ya isa gidan Alhaji, ya naɗe hannayen riga a kafaɗa, ya ja igiya, inji ya ɗauka. Ya kai dama, ganye ya zube, daɗi ya kama shi. Babbar riga kuwa kun san halinta, ba ta zama a kafaɗa. Hannun hagu ya zamo. Yana dawo da inji sai ji kake ƙerrr, shadda ta bi ganye ƙasa.

"Innalillahi!"

Ya juya a firgice ya duba ɓarnar, ya manta bai kashe inji ba. Hannun dama ya zamo, ɗaya gefen ya yi maraba da shi. Alhaji ya leƙo ta taga ya ga shinge na nan da gashinsa, ma'aikaci ne aka aske. Ya ce, "Malam, kashe abin nan tun kana da wando!"

Ranar Juma'a Malam Dabo ya aiko a kawo masa riga. Mutumin ya ninke ta tsaf ya kai da kansa, ya durƙusa. Tsoho ya warware, ya zura kai, sai ga gwiwar hannunsa duka biyu a waje. Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Kai! Mi ya ci mani riga?"

"Baba, ai sa'a aka yi na ɗauki mai gefe biyu. Da na bi shawarar Kamalu, da yanzu rigar taka a karkace take."