Bindigar da Ta Ƙi Tashi a Kaina

Shekarun da mahayan garin Isa da namu na Sabon Birni ke kai ma juna hari, nic ce ni ma za ni mallaki bindiga, kada a tsince ni gona kamar akuya. Sai da nis sha maganin bindiga kwana bakwai, sannan nin nufi kasuwa.

Wani Ba'azbine ya baje gajerun bindigogi ukku. Na buɗe ƙirji gaban jama'a nic ce, "Ɗauki waccan ka harbe ni."

Yac ce, "Bagobiri, kana da ɗiya kuwa?"

"Harba dai."

Ya ja kunama, ƙyas. Ya ƙara, ƙyas. Kasuwa ta ɗau sowa. Ni ko don murna na ba da tumaki biyu na ɗauki wannan ɗin, ban tambayi ko ta taɓa tashi ba.

Ranar da mahaya sunka ɓullo mani gona, na ja kunama sau ukku, shiru. Na jefe su da ita na shige gero da rarrafe, sunka tafi da jakina.

Har yau in na iso majalisa, ƙanen matata kan ce, "Ku matsa ma Yaya. Duk Gobir shi kaɗai maganinai ya kama har bindigar hannunai."