Yadda Cindo Ya Tsaya wa Yayansa Beli

A Tungar Bawa akwai wani mutum ana ce masa Cindo. Gidansa ɗaki biyu ne, daga shi sai matarsa Ladingo, sai awaki uku da suka fi shi wayo. Dukiyarsa kaf gonar fadama ce da ya gada, inda yake noman albasa. Cindo ba mugu ba ne, sai dai in ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta, ka koma baɗi, yana nan. Yana da wa, Jatau, direban akori-kura mai kai doya kasuwa. Ni kuwa Sallau ne, ɗan kamashon tasha, wanda ake kira Lauya, don na kai aji biyu na sakandare kafin ni da makaranta mu raba gari.

Wata rana Jatau ya daɗe a gidan burukutu, ya fito ya hau mota, ya je ya rushe katangar makarantar firamare. Allah ya kiyaye, yara sun tashi. Jami'an hanya suka ba shi wata na'ura ya hura, ta tona masa asiri, aka wuce da shi kotun majistare. Mai Shari'a ta ce za ta ba da beli in akwai mai gida ko gona da zai tsaya masa. Dangi kowa ya sunkuyar da kai. Cindo ya miƙe da takardar fadamarsa.

Ta ce, "Saurara da kyau. Kada ya ɓace maka da gani. Kada ya taɓa sitiyari. Kada giya ta shiga bakinsa. Bayan mako uku ka kawo min shi. In ya gudu, gonarka ta tafi."

"To, ranki ya daɗe."

Wata rana, bayan Cindo ya dawo da shi gidansa da zama, Jatau ya ɗauki bokiti ya shiga wanka. Yana cire riga sai ya ga kan Cindo a saman zana.

"Kai wane irin mutum ne? Sauka!"

"Yaya, ni ma ba son kallon nake ba. An ce kada ka ɓace min."

Da ƙyar aka yi sulhu: Cindo zai tsaya a waje, Jatau zai riƙa ɗaga hannu ɗaya sama da zana har ya gama. In hannun ya sauka, kan Cindo ya hau.

Wata rana Cindo ya yi lissafi, hannun Yaya biyu ne, sitiyari ɗaya, tsaron ɗaya ya fi sauƙi. Ya ari sufana wurin bakanike, ya kwance sitiyarin akori-kurar, ya ɗaura masa igiya ya rataya a wuya. Da shi yake zuwa gona, Jatau na gaba yana biye. Rannan suna cin tuwo a kwano ɗaya, Jatau ya miƙo hannu, Cindo ya yi tsalle har miya ta kife.

"Yaya, matsa! Saura ƙiris ka taɓa!"

Wata rana na ga abin ya yi min daɗi, na sayo balan-balan irin na yara na kai masa. Na ce, "Wannan ita ce na'urar jami'ai, tasu fenti kawai aka yi mata. A hura, ka sunsuna." Daga nan safe da yamma sai Jatau ya hura. Abin bai tsaya nan ba, Cindo ya ce mai shigowa ma yana iya ɗauko giya a baki. Sai ga surukinsa Malam Barmo, mahaifin Ladingo, ya zo gaisuwa.

"Baba, hura."

"Ni? Da furfurata?"

"Doka ce, Baba."

Dattijo ya hura har rawaninsa ya karkace. Cindo ya sunsuna ya ce, "Goro ne da daddawa. Shiga." Kwana biyu Ladingo ba ta yi masa magana ba.

Wata rana, ranar komawa kotu, Cindo ya ƙi shiga kowace mota, wai duk suna da sitiyari. A baro ya turo yayansa, tun daga gari har ƙofar kotu. Nan na ja shi gefe na ba shi shawara irin ta masana: "In an tambaye ka, ka ce yayanka bai taɓa shan komai ba sai kunu." Ya ce to. Da aka kira shi, akawun kotu ya sa shi rantsuwa zai faɗi gaskiya dukkanta, ba ragi. Cindo ya waiwayo ni.

"Lauya, ka yi haƙuri, wannan ya ce dukkanta."

Ya fara. Ya ce shekara uku Yaya yana sha. Ya ce ni na koya masa zancen kunu, ni kuma na gaya wa Yaya shekara bakwai za a ɗaure shi, abin da na faɗa da wasa. Ya ce saboda haka Yaya ya gwada gudu sau biyu. Jatau ya dafe kai, ni na fara neman ƙofa da ido. Cindo kuwa ya ci gaba.

"Na farko na riƙe rigarsa. Na biyu ya kai bakin gari ina biye, sai ya zauna ya yi kuka, ya ce ba zai cinye min fadama ba. Washegari ya fara kai bulo makarantar." Ya kwance buhu, ya zazzage balan-balan arba'in da biyu a gaban kotu. "Ga su, ranki ya daɗe. Babu komai ciki sai warin albasa."

Mai Shari'a ta daɗe tana goge tabaranta. Ta ce wanda ya sha ya tuƙa har ya shiga makarantar yara, gidan yari ta yi niyyar tura shi. Amma tunda shaidar da bai ɓoye sharri ba ya faɗi alheri, ta yarda da shi. Jatau zai biya tara, a riƙe lasisinsa wata shida, ya ƙarasa katanga. Ta miƙa wa Cindo takardar gonarsa. Ni kuwa ta ba ni sharar harabar kotu mako guda, wanda shi ne aikina na farko a fannin shari'a, kuma har yau ba a sami wanda ya share ta kamar ni ba.

"Kai kuma Cindo, ka ci gaba da sa masa ido har wata shidan su cika."

Jatau ya ɗaga kai a hankali. "Ranki ya daɗe, babu wuri ne a gidan yarin?"

Yau shekara biyu ke nan. Albasar Cindo tana nan a fadama, sitiyari ya koma mazauninsa, Jatau kunu yake sha da gaske. Sai dai in ka wuce ta bayan gidansu da hantsi, ka ji ana watsa ruwa, dubi saman zana. Za ka ga hannu.