Rasuwar Mai Gilashi, Wanda Ya Cika Sanye da Fugu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne mai cike da kukan zabi, Abdulgafaru tela na unguwar Dabokpa a Tamale yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, har da masu leƙe ta taga, rasuwar akwatin talabijin ɗinsa, wanda aka fi sani da Mai Gilashi. Ya cika ranar Lahadi bayan sallar magariba, a shekara ta tara da samun mulkin kai, yana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin ɗan Ankara ne, babban birnin ƙasar nan. A bayan motar doya ya zo, naɗe cikin katifa, bai yi ƙorafi ba. Mai kunya ne ƙwarai: in an murɗa kunnensa sai ya yi "tsuuu" na ɗan lokaci kafin ya buɗe ido, in iska ta kaɗa sandar eriyar da ke kan rufi ya ce "shaaa" ya yi ta yayyafi har a hau a gyara. Bai san launi ba sai fari da baƙi, bai kuma taɓa korar baƙo ba, ko wanda ya zo da kujerarsa ko wanda ya zo ya zaune ta mai gida.

Babbar hidimarsa ita ce wasan nan na Lahadi, Ƙwaryar Boka, wanda ake yi da Turanci, Abdulgafaru yana fassarawa, yana ƙara gishiri inda ya ga miya ta yi lami. Mako uku kafin rasuwar, bokan wasan ya mai da 'yar wani masunci zabuwa. Mahaifiyar mai gida, Mma Ashetu, wadda shekara talatin ke nan tana soya zabi a bakin tasha, ta ajiye wuƙa a daren. "Ni ba na yanka ɗan mutane," in ji ta. "Sai yarinya ya koma gida." Ta ci gaba da sayen zabi daga ƙauye kamar yadda ta saba, yankan kawai ta daina. Ranar kashi na ƙarshe kowa a gidan ya san abin da ake jira.

Gaskiya ba ta ɓata zumunci, don haka iyalan suna shaida cewa kashin da marigayin ya mutu a kansa yana da kyau, yana kuma da aibi. Kyansa shi ne inda tsohon masuncin ya shiga kasuwa yana bin kwandunan zabi ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana kiran sunan 'yarsa, 'yan kasuwa suna yi masa dariya. Mai kiɗan wasan ma ya san aikinsa, ya yi shiru a wurin. Abdulgafaru bai fassara komai ba, ba a kuma tambaye shi ba. Ya dai kalli uwarsa, ya ga ta ja mayafi ta rufe baki, sai tausayinta ya kama shi, domin ƙanwarsa Sanatu ta bi mota zuwa Kumasi shekara shida ke nan, ko wasiƙa babu.

Aibin kuwa da yawa. Zaren da ke riƙe da ƙwarya mai tashi sama ya fito ƙuru-ƙuru, kuma a ganin tela zare ne mai arha. Bokan da aka ce ya shekara ɗari uku cikin kogo yana ɗaure da agogo. Mafi muni, zabuwar da aka nuna a farko ba ita aka nuna a kasuwa ba; Mma ta ji kukan sau ɗaya ta ce wannan namiji ne, ko yaron goye ya sani. Sannan sarkin wasan ya tara fadawansa suka yi minti goma sha biyar suna shawarar abin da kowa ya riga ya sani. Da sun taƙaita, da marigayin ya kai mu ƙarshe.

Game da ajalinsa, mai gida ba zai ɓoye hannunsa ba. Makon bikin Damba ne, duk wani mai mutunci a Tamale ya sa fugu, rigar saƙin nan mai kauri. Abdulgafaru ya ga bai dace babba kamar marigayin ya zauna tsirara ba, ya auna shi, ya ɗinka masa tasa, mai shafi biyu, ta kama shi cif, fuska kaɗai aka bari. An yaba ɗinkin sosai. Daidai lokacin da masuncin ya ɗaga ƙwaryar bokan zai zuba wa zabuwar ruwan karya sihiri, aka ji ƙauri. Marigayin ya ce "fus". Hoton ya tattaru ya zama ɗigo fari a tsakiya, ɗigon ya daɗe yana kallonmu, sannan ya tafi.

Usumanu mai gyaran rediyo ya buɗe bayansa, ya shinshina, ya mai da murfin a hankali. Ya bayyana cewa ta ramukan baya marigayin yake numfashi, kuma kayan cikin da suka ƙone ko a Kumasi sai an dace. Ya kuma tambayi ko za a ɗinka masa irin rigar.

Marigayin ya bar sanda ɗaya a kan rufi, da tebur, da benci huɗu, da 'yan kallo fiye da arba'in waɗanda har yanzu suke zuwa su zauna suna fuskantar bango. Ya bar zabi talatin da bakwai, dukansu lafiya lau, suna ƙiba. Ya bar Mma Ashetu, wadda kaskonta ya yi wata guda a kife. Abdulgafaru ya gwada ce mata ya ji labari yarinyar ta koma mutum. Ta dube shi ta ce, "Kai ɗinki ka iya. Kawo min wanda ya gani da ido."

Za a kai marigayin makwancinsa, saman kabad na ɗakin ɗinki, ranar Alhamis da hantsi, cikin rigar da ya cika a ciki. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida har la'asar. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, babu nama, kada kuma a tambaya.

Akwatunan talabijin ba su da yawa a garin nan, amma akwai su. Saboda haka ana roƙon duk wanda ya ga ƙarshen wasan, daga unguwar Gumbihini ko daga ko'ina, ya halarta. In ya ga yarinyar ta koma gida wurin ubanta, ya faɗa da ƙarfi tun daga zaure, domin Mma na zaune kusa da ƙofa. In akasin haka ya gani, ya ci tuwonsa ya tafi, an yafe masa gaisuwa.